Tasoshin Inna Asibi

Asibi ta kwance bakin buhu, ta shiga fito da tasoshin tana jerawa a tabarmar Uwaliya dillaliya, manya a ƙasa, ƙanana a sama, yadda suke zaune a ɗakinta. Kwana biyu ta yi tana goge su da toka da tsamiya kafin ta hawo mota daga Dugabau zuwa Gwarzo.

"Ikon Allah!" in ji Uwaliya. "Inna, rabona da ganin irin waɗannan tun ina budurwa."

"Karsana biyu Baffana ya sayar ya saya mini su," Asibi ta ce. "Ranar da aka kai ni, har daga garin Jama'a mata suka zo kallon jere."

Saura mako uku bikin Fiddausi, jikarta da ta raina tun rasuwar uwarta. Da fari tasoshin ta so ba ta. Fiddausi ta durƙusa, ta yi godiya, sannan ta ce a hankali, "Inna, ɗaki da falo ne fa a Kano. Ina zan sa su? Yanzu ba a jere." Ba da raini ta faɗa ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Asibi ta bincika, ta ji kuloli masu riƙe zafin abinci amare ke so. Sai ta ƙudurta tasoshin ne za su sayo su, don kada a ce kaka ta zo biki hannu rabbana.

Uwaliya ta miƙe ta tura ƙofar wani ɗaki. "Leƙa ki gani, Inna."

Gadajen ƙarfe masu rumfa ne a jingine, ga langa da kwalla da samira an tara har kusa da rufi, yanar gizo ta ɗaure su.

"Duk na iyayenmu ne irinki. Wasu shekara uku ke nan, ko tayawa ba a yi ba. Ba zan yaudare ki in karɓa ba. Sai dai in kira miki Dabo mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa."

Dabo ya zo da sikelinsa a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida da dabbobi, sannan ya ƙwanƙwasa tasa ɗaya da farce.

"Tagulla ce mai kyau, Inna. Amma mu nauyi muke saya."

"Ba ka ga zanen ba? Da hannu aka yi shi."

"Na gani, wallahi." Ya sunkuyar da kai. "Narkarwa ake yi. Mukan ma buge su da guduma su kwanta, don buhu ya ci da yawa."

Asibi ta daɗe tana kallon jerenta. Ta tuna daren da rufin ɗakinta ya yi yoyo, ta bar katifarta ta jiƙe ta lulluɓe su da zane. Can ta sa hannu ta zare babbar ta ƙasa, ta ɗora a cinya.

"Auna sauran. Amma kada ka buge su sai na tafi."

Abin da ya ba ta da ƙyar ya kai kuloli uku, sai da Uwaliya ta raka ta shago ta yi mata ciniki.

Da la'asar ta isa gida. Fiddausi ta rungume kulolin tana murna, tana juya su, har ta ɗauke su hoto a waya. Sai da ta shiga ɗakin kakar ta ga bango fayau, sannan ta fito jiki a sanyaye.

"Inna…"

"Kwaso mana tuwo," in ji Asibi, ta miƙa mata babbar tasar. "A nan."

"A wannan? Ai ba ki taɓa yarda ko ruwa a zuba ba."

Gaskiya ne. Shekara arba'in da bakwai tasar tana ɗakinta, abinci bai taɓa shiga cikinta ba.

Suka zauna a tsakar gida, hannu biyu a tasa ɗaya. Sun kusa cinyewa Asibi ta taɓa gefenta da bayan hannu.

"Ji mana," ta ce. "Ashe ita ma tana riƙe zafi."