Tamal Biyu Masu Jan Zare

Wajen ƙarfe uku na yamma yayana Eliécer ya shigo kicin, fuskarsa kamar an yayyafa mata toka.

"Xinia, ina tamal biyun da na ajiye a kan wurin wanki?"

Ina kankare tukunya, ban ko ɗago ba. "Waɗanne? Tun jiya ba abin da ke gidan nan sai tamal."

"Masu jan zare."

Mama ce ta amsa daga kujerarta. "Au, kai ne ka yi wannan ɗaurin na 'yan koyo? Na kwance, na sake ɗaurewa da kyau, na jefa a kwando. A bar abinci a waje kamar gidan marasa uwa!"

Ni na zagaya unguwa da kwandon nan tun da safe. A nan garinmu Heredia in watan Kirsimeti ya kama, kowane gida sai ya yi tamal: ya kwaɓa ƙullin masara da nama, ya naɗe a ganyen ayaba, ya dafa, ya ɗaure bibbiyu ya aika wa maƙwabta. Ba a ƙin karɓa, kuma wanda ya karɓa sai ya rama.

Eliécer ya ja ni bayan gida. Ya rage murya.

"Maganin ɓera ne a ciki. Na daka na cusa. Na mapache ne, yau zan sa musu a silin."

Da ina da muciya a hannu da na rotsa masa kai.

Ba wai ban san abin da ya tura shi ba. Tun da aka sare kurmin bakin rafi aka jera benaye, mapache suka dawo silin ɗinmu da zama. Dabba ce da ta ɗara kyanwa, da baƙin zane a ido kamar ɓarawo, ga yatsu masu buɗe murfin tukunya. Sun yayyaga wayoyin wuta, fitsarinsu yana ɗiga ta saman gadon Mama. Doka kuwa ta ce ba a kashe su, ba a kama su, ba a kai su wani wuri a yar. Ka toshe rami, ka rufe shara, ka kira ofishin namun daji ka jira. Mun kira har mun gaji. Bara da Eliécer ya ɗana tarko, maƙwabciyarmu Doña Flory, wadda ko sauro ba ta kashewa, ta kira masa hukuma. Aka tafi da tarkon, aka ce in ya kuma sai kotu. Shi ya sa ya yi wannan aikin a ɓoye, ko ni bai gaya wa ba.

Na ce, "Ƙarfe huɗu kowa zai ɗumama nasa ya sha da kofi. Ka san haka ko?"

"Mu karɓo su. Mu ce naman ne ya lalace. Kuma kada Mama ta ji, kin san hawan jininta."

Muka ce wa Mama za mu je mu dawo. Ya ɗauki layin hagu, na ɗauki na dama.

Ashe karɓar kyauta daga hannun wanda ka ba wa ya fi cire haƙori wuya. Matar tela ta tsaya tambayata ko wani laifi ta yi mana. Shi kuwa mai gyaran babur, Don Minor, ya bushe da dariya.

"Nama ya lalace? Haba 'yar nan, ni da na ci kifin kwana uku a Puntarenas ban ko yi gyatsa ba! Bar min abina."

"Don Minor, don girman Allah ba ni."

"To ki ce rowa ce ta motsa muku."

Na fizge daga hannunsa na yi gaba, yana ta kirana marowaciya. Ƙamshin kofi ya fara fitowa ta tagogi, ni kuwa duk inda na ji ƙarar cokali sai gabana ya faɗi.

Muka haɗu a ƙarshen layi, muka durƙusa bakin kwata muna kwance ganye muna murmushe ƙulli da yatsa, muna neman shuɗin garin maganin ɓeran. Babu. Muka sake bi ɗaya bayan ɗaya. Babu.

"Gidan wa ya rage?" in ji shi.

Ya san amsar. Gidan Doña Flory ne, wanda ya tsallake a layinsa.

Doña Flory ta buɗe ƙofa rabi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yau kuma mai tarko ne a ƙofata? Lafiya?"

"Doña Flory, tamal ɗin da aka kawo miki muke so. Naman ne bai yi kyau ba."

"Naman mamarku, Doña Nidia? Matar da ke shinshina nama sau goma kafin ta biya? Nemi wata ƙaryar."

"Ki dai ba mu."

"Sai ka gaya min dalili."

Na dube shi. Gumi yana bin wuyansa. In ya faɗa, kotu ce, mu duka mun sani. In bai faɗa ba, matar nan za ta iya tsayar da mu har magariba, don taurin kai gadonta ne. Na taka masa ƙafa da ƙarfi.

Ya ce, "Akwai guba a ciki. Na mapache ne. Kuskure aka yi."

Na zaci za ta fasa ihu ta tara mana jama'a. Sai ta dafe ƙofa, bakinta ya buɗe.

"Ni ai ba na cin nama," ta ce a hankali. "Bana kuma ban yi tamal ba. Kunya ta hana ni zama ban rama ba. Ɗazu da na ga kun fita, sai na canza musu leda na kai wa Doña Nidia, na ce nawa ne."

Ban san Eliécer yana da gudu haka ba. Ina binsa takalmina ɗaya ya fita, ban tsaya ba. Ina jin Doña Flory a bayanmu tana magana a waya da ƙarfi, tana faɗin sunan layinmu.

Mama tana zaune a teburin kicin, kofi yana tururi a gefenta, ganye a buɗe a faranti. Ɗaya ta cinye. Na biyun ta kai rabi.

"Kun dawo? Ku ɗanɗana na Flory. Ta iya ɗauri, ban zata ba. Amma akwai wani ɗaci-ɗaci, ina jin ganyen ne ba ta gasa ba."

Eliécer ya share farantin da hannu ya tarwatse a ƙasa. Ya zube a gabanta ya riƙe gwiwoyinta.

"Kai, lafiyarka? Farantin bikina ne fa!"

Ni na ɗago ta. Ba mu da mota, ta asibiti kuwa kafin ta ratso cunkoson Disamba sai yadda hali ya yi. Sai ga jiniya a bakin layi. 'Yan sandan da Doña Flory ta kira ne, suna tafe a hankali suna duba lambobin gidaje.

Eliécer, mutumin da ya shekara yana sauya hanya in ya hango motar nan, shi ne ya fita tsakiyar titi yana ɗaga hannu biyu, kwalin maganin ɓeran a ɗaya.

"Nan ne! Ni kuke nema! Ni na sa! Ku ɗauki uwata tukuna, don Allah ku ɗauke ta!"

Suka ɗauke ta. Likita ya ce kwalin da aka zo da shi da wuri ne ya taimaka, don da shi aka gane irin gubar. Ta sha allurai, ta yi kwanaki a kwance, ta dawo gida da ƙafarta. Kotu ta ci Eliécer tara, ya biya, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan a kan wannan.

Inda nake jin tausayinsa daban ne. Mama ba ta taɓa yi masa faɗa a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Kullum da yamma shi ke haɗa mata kofi, ya yanka burodi ya kawo har gabanta. Takan ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Sannan ta juyo ta dube ni, ta jira na gyaɗa kai, kafin ta kai baki. Shi kuma yana tsaye yana gani.