Fatent ɗin Mannir

Tun kafin sadakar arba'in, magana ta gama Kebbe cewa Mannir bai taɓa ƙirƙirar komai ba, kemis kawai yake da shi a Kaduna. Ɗan'iya mai sayar da magani a bakin kasuwa ne ya baza ta. Wai ya ji ana cewa marigayin yana da fatent, to shi ma ai ga tasa nan rataye a bangon shago, lasisin sayar da ƙwaya da maganin tari.

Malama Tambaya, mahaifiyar Mannir, shekara talatin ta yi tana koyarwa, kuma ba ta karɓar magana don yawan masu faɗinta. Sai dai ita ma ba ta taɓa ganin wani abu da ɗan nata ya ƙera ba. Shekara ashirin yana ba ta labari tana gyaɗa kai. Tun rasuwarsa hawaye bai zo mata ba. So take kawai ta san ko ƙarya ya yi mata.

Ta hau babur, ta shiga mota zuwa Tambuwal, inda matarsa Zulfa ke takaba.

"Takardun wancan nika son gani," ta ce bayan gaisuwa. Ɗan fari ne, ko yanzu ba ta kama sunansa.

"Inna, ko ruwa ba ki sha ba."

"Ɗauko dai."

Zulfa ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Malama ta sa tabarau. Takardun fatent bakwai, irin na shaidar ƙirƙira, kowace da hatimin hukuma da zane a bayanta. Akwatin ɗumama bakwaini mai aiki da hasken rana. Na'urar da ke ƙara idan ruwan da ake sa wa marar lafiya ya ƙare. Injin sussukar gero da ba ya fasa ƙwaya. Murfin tukunyar tururi ta masana'anta. A shafi na uku ta ga kuskuren rubutu, yatsunta suka motsa suna neman jan biro. Ta karanta har ƙarshe, ba ta ji komai a ƙirjinta ba.

Ta tambayi inda injinan suke. Zulfa ta ce ya sha yawo da zanen, daga wannan ofis zuwa waccan masana'anta, kullum a ce masa ya dawo.

Malama ta jera takardun yadda ta same su, ta rufe akwatin.

Mannir bai taɓa sayar da magani ba. Abu bakwai ya ƙirƙira, sunansa yana kan kowace takarda. Ba a ƙera ko ɗaya ba.