Turmin da Ke Kan Damo

Daren jiya mafarki ya kai ni cikin tsohuwar talabijin ɗin Hajiya Tabawa, maƙwabciyarmu ta zamanin ƙuruciya, wadda mukan cika mata falo da yamma don kallon katun. Ta bayan akwatin na shiga, wajen da ake ɗaura wayar eriya. Garin baƙi ne da fari, har kwandon tumatirin da ke bakin hanya.

Na yi ta tafiya. Bishiya ɗaya da gida ɗaya ne suke ta wuce ni, su zagayo su sake wucewa. Da na gaji na tsaya, su ma suka tsaya suna haki.

Wata bushiya mai ɗaurin ɗankwali ta tare ni.

"Kai ne Sagiru mai zama a gaba yana tare wa mutane?"

Na ce ni ne, amma yanzu Malam Sagir ake ce min, ina da jikoki.

"Ka wanko ƙafa?"

Na duba ƙafafuna. Na koma na wanko.

Sai ga mu a tsakiyar kasuwa. Damo ɗan dako, wanda na fi so a duk shirin, yana tsaye ya yi furfura. Wani ƙaton turmi na rataye a iska daidai kansa. Nan take na tuna: turmin na cikin faɗowa aka ɗauke wuta, Hajiya ta ce kowa ya kama gabansa, ban kuma sake ganin shirin ba.

"Tun ranar nake tsaye a nan," in ji Damo. "A nan na yi aure, ga uwargida Bushiya. A nan aka yi sunan yara."

Na ce, "Ashe kuna jin Hausa?"

"Da ma Hausa muke yi. Ku ne surutu ya hana ku ji."

Bushiya ta ce turmin ba zai sauko ba sai mai kallo ya zauna, mijinta kuwa bai taɓa kishingiɗa ba tun aurensu. Na ce ina tsoron ya mutu, ga shi girma ya kama shi. Ta ce a garinsu ba a mutuwa, bajewa kawai ake yi kamar gurasa, dariyar mai kallo ce take sake hura mutum.

Na zauna a ƙasa, gwiwoyina suka yi ƙara. Sai garin ya fara rawa, kasuwa tana hawa sama tana dawowa ta ƙasa. Na miƙe na ɗaka wa gefen sararin sama duka da tafin hannu, kamar yadda Hajiya take yi. Komai ya daidaita, na koma na zauna.

Turmi ya sauko. Tim!

Damo ya baje. 'Yan kasuwa duka suka juyo suna kallona.

Na ce, "Subhanallahi! Sannu, Damo. A kira mai ɗori."

"Ba sannu muke nema ba, Malam," in ji Bushiya. "Idan aka fara labaran duniya bai tashi ba, haka zai tabbata."

Can nesa na ji an soma kiɗan labarai. Na laluba na ciro dariyar da nake yi wa shugabanmu a ofis idan ya ba da labarin da ya riga ya bayar. Ƙafar Damo ɗaya ce kawai ta cika.

Ya miƙe a kan ƙafar, sauran jikinsa na kaɗawa kamar zane a igiya. Ya gyara murya da mutunci, ya tambayi jama'a ko akwai mai man zafi.

Abin ya kufce min. Na yi ta ƙyaƙyatawa har da bugun ƙasa, hawaye na zuba. Cikinsa ya cika, wuyansa ya cika, kansa ya yi fam ya fito. Bushiya ta rangaɗa guɗa, ta shimfiɗa masa tabarma.

"Ƙara kaɗan, Sagiru," ya ce. "Saura wutsiya."

Na ja numfashi ke nan zan ƙara, murfin tukunya ya faɗi a kicin yana ta juyi a kan siminti. Na buɗe ido. Matata Rabi tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Malam, lafiya kake dariya kai kaɗai?"

Na ce ta yi haƙuri ta ja min ƙofa, akwai aikin da ban ƙarasa ba.