Kwamfutar Hansatu Ta Sha Banda

Hansatu na shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta a jami'a, kuma manhajar da ta kwashe wata biyar tana rubutawa na cikin kwamfutarta kaɗai. Saura kwana uku ta nuna wa malamai, ruwa ya fantsama cikin jakarta a kwalekwalen da ya kawo ta gida Wara. Ta jingine kwamfutar ta sha iska, ta shiga wanka.

Tana fitowa ta iske ta a kan ragar bandar kifin mahaifiyarta, tsakanin tarwaɗa biyu, hayaƙi na ratsa ta.

"Inna! Mi kinka yi?"

"Shekara talatin ina banda, ɗiyata, ban taɓa ƙona ko ɗaya ba," in ji Inna, tana juya ta ɗaya gefen.

Ranar gwaji, Hansatu ta danna maɓalli. Kwamfutar ta tashi, manhajar ta yi aiki tsaf. Sai fankar ciki ta fara huro ƙamshi. Babban malamin ya shaƙi iska, ya harari sauran malamai.

"Aikinki ya yi kyau, Hansatu. Amma wane ne ke cin kifi a ɗakin nan bai yi mini tayi ba?"