Takalma a Bakin Ƙofa

Shekara ashirin da biyu Baba Mai Almakashi yana shugabancin ɗakin ɗinki, kuma dokarsa guda ce: ba mai taka masa daɓe da takalmi. Fararen rigunan ma'aikatan asibiti suke ɗinkawa, ƙura kaɗan ta isa ta ɓata aikin yini. Saboda haka kullum takalman mutum talatin da shida na zube a bakin ƙofa, daga ciki, don kada rana ta ci su. Ƙofar kuwa ita kaɗai ce.

Ran nan jami'in kashe gobara ya zo ya kafa ƙararrawa, ya ce za a yi gwajin fita.

"Da ta kaɗa, kowa ya saki abin da ke hannunsa. Minti biyu na ba ku."

"Har biyu?" in ji Baba. "Waɗannan in lokacin tashi ya yi, kafin ka juya sun ɓace."

Aka kwashe da dariya. 'Yarsa, wadda ke guga can ƙuryar ɗaki da cikin wata bakwai, ta ɗaga murya: "Baba, ni a ba ni huɗu, mu biyu ne!"

Da hantsi ƙararrawa ta kaɗa. Kekuna suka yi tsit, mutane suka yo ƙofa a guje. Nan fa aka tsaya. Abin da jiki ya saba shi yake yi: kowa ya iso sai ya sunkuya neman takalminsa.

"Wa ya sa min ƙafar hagu?"

"Malam, matsa mana, gadonka ne ƙofar?"

Na gaba a duƙe, na baya na turi. Baba yana daga waje tare da jami'in, yana daka tsawa ba mai jin sa. Ta tsakanin kafaɗu ya hango 'yarsa ta taka wani takalmi, ya zame da ita. Ta kai hannu don ta kama bango, bangon ya yi mata nisa, ta faɗi.

"Minti shida," in ji jami'in, murya ƙasa-ƙasa. "Da wutar gaske ce, Baba..."

Bai tsaya jin sauran ba.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta fito, sanye da rigar da ya san yankan hannunsa ce. Ta ce zuciyar jaririn na bugawa, amma jini bai tsaya ba, sai an ga abin da kwana uku za su yi. 

Washegari ma'aikata suka tarar da shi tsaye a tsakiyar ɗaki, takalmansa a ƙafa, sawunsa ya yi layi a kan daɓen da ko tsinke ba ya bari a kai. Suka yi cirko-cirko a waje.

"Ku shigo da takalmanku," ya ce.

Ba wanda ya motsa. Wata tsohuwar mai sa maɓalli ta ce, "Baba, yadin fa?"

"Yadi ana wanke shi. Na ce ku shigo!"

Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suna takawa kamar masu tsoron ƙasa. A bakin ƙofa ba abin da ya rage sai takalmin 'yarsa, ƙafa ɗaya. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe shi, ya rasa inda zai ajiye.