Hoton da Ke Daskarewa Bayan La'asar

Kullum bayan la'asar abin yake faruwa. Mikail zai dawo daga masallaci, ya kunna kwamfuta, ya buɗe wasan ƙwallo, ya fara watsa shi kai tsaye ga masu kallonsa. Da farko komai lafiya. Can sai ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga, hoton ya daskare, kafin ya dawo ƙwallo ta riga ta shiga raga ba wanda ya ga yadda aka yi. A gefen allo manhajar watsawa tana ƙirga firam ɗin da suka zube, wato guntayen hoton da ba su isa ga masu kallo ba, lambar kuwa sai hawa take yi.

Ranar Asabar akwai gasa. Masu shiryawa sun ce za su gwada kowa ranar Juma'a da yamma, duk wanda hotonsa ya sarƙe a cire sunansa. Wanda Mikail zai kara da shi a zagayen farko kuwa Dzarma ne, maƙwabcinsa a unguwar Mairi, katanga ɗaya ta raba su. In aka cire Mikail, Dzarma ya wuce ba tare da ya taɓa ƙwallo ba.

Mikail ya rage ingancin hoton, bai hana ba. Ya rufe duk wata manhaja da ke buɗe, ya sake saka wasan, duk a banza. Da ya gwada da safe kuma, hoto ya tafi sumul. Nan ya fara lissafi. Da safe Dzarma yana jami'a, da la'asar yake dawowa. Kuma Dzarma ya san lambar sirrin intanet ɗin gidan, shi Mikail da bakinsa ya ba shi tun bara.

Ya canza lambar. Washegari da yamma hoton ya sake daskarewa.

Wannan bai wanke Dzarma a wurinsa ba, sai ma ya ƙara. Mai karatun kwamfuta a jami'a, lambar sirri ce za ta gagare shi? Ya leƙa ta kan katanga, ya hango shi zaune a gindin dogonyaro yana latsa waya yana murmushi.

"Me kake saukewa?" in ji Mikail.

"Wushe dai tukuna, mutumina. Ko gaisuwar ma ta zube a hanya?"

"Na ce me kake saukewa da intanet ɗina?"

Dzarma ya juyo masa da fuskar wayar. "Da budurwata Rose nake hira, da data na. Kana so ka karanta?"

"Fim ake saukewa a ɓoye, hira tana sama. Ni ba yaro ba ne."

"To sannu, ɗan sanda."

Mikail ya koma ɗaki, ya rubuta a zauren hirar 'yan gasar na waya cewa akwai wanda ke yi masa zagon ƙasa, bai faɗi suna ba, amma ya ce katanga ɗaya ce tsakaninsu. Dzarma ya karanta, bai ce komai ba. Shirun ma Mikail ya ɗauke shi shaida.

Ranar Juma'a ya ƙudurta zai kama shi dumu-dumu. Yana sallame la'asar bai tsaya gaisawa da kowa ba, ya dawo gida da sauri don ya duba wayoyin da ke kan intanet ɗin. Yana tura ƙofar ɗakinsa hayaƙi ya tare shi. Yayarsa Fanna ce durƙushe kusa da teburinsa, ta ajiye kaskon garwashi, ta kifa kabbasa, kwandon turara kaya, a kai, ta lulluɓa mata laffaya. Sana'arta ke nan, haɗa turaren wuta da turara kayan amare.

"Ya Fanna, me kike yi a nan?"

"Abin da nake yi kullum in ka tafi masallaci. Duk gidan nan ɗakinka ne kaɗai ke riƙe hayaƙi, tunda ka toshe tagogi. Da kana zaton ƙamshin jikinka ne?"

Ya kalli kaskon. Bai fi taku ɗaya da akwatin kwamfutar ba, daidai inda take shaƙar iska. Ya taɓa murfin, zafi rau. Ya kwance shi. Fankar da ke sanyaya kwamfutar ta yi baƙi, wani danƙo mai ƙamshin sandal ya haɗu da ƙura ya kama fukafukanta. Ya tura ta da yatsa, ta yi rabin juyi ta tsaya. Da ya sa tsinke ya kankare, fiffike ɗaya ya ɓalle a hannunsa.

"Ni dai ban taɓa maka komai ba," in ji Fanna, tana naɗe laffayarta.

Wayarsa ta yi ƙara, masu gasa suna tambaya ko ya shirya. A duk layinsu mutum ɗaya ne ke da kwamfutar da za ta iya ɗaukar wasan. Ya daɗe tsaye da fankar a hannu kafin ya zagaya ƙofar gidan su Dzarma.

Dzarma ya karɓi fankar, ya shinshina, ya miƙa masa. "Wannan ma ni na turara ta?"

"Ara mini kwamfutarka na yi gwajin."

"Ka fara komawa zauren ka rubuta abin da ka gani."

Mikail ya rubuta, Dzarma yana karantawa ta kan kafaɗarsa, har ya sa shi ya ƙara sunansa. Sannan ya ja masa kujera, shi kuma ya zauna a bayansa daf.

"Ba za ka matsa ba?"

"In bar ka kai kaɗai da na'urar da zan buga da kai gobe? Fara."

Hoton ya tafi ba ko gargada, masu gasa suka rubuto cewa ya wuce. Mikail bai yi murna sosai ba. Duk tsawon wasan yana jin numfashin Dzarma a ƙeyarsa, ya kuma lura cewa ba allon yake kallo ba, yatsunsa yake kallo, yana haddace salon bugunsa.