Garkuwar Mijin Gumsu

A wani gari mai ganuwa a gabas da Haɗeja akwai wani soro da ake tara tsofaffin kayan yaƙi. Tun da yaƙe-yaƙe suka lafa hakimi ya sa aka tattara su wuri guda: sulke, lifidi, kwalkwali, garkuwoyi, da wani tambari da aka ƙwato a hannun abokan gaba. Mai kula da ɗakin shi ne Umara, tsohon mayaƙi, wanda kakanninsa suka zo daga bakin Tafkin Cadi. Mashi ya ɓata masa ƙafar hagu, shi ya sa aka ba shi wannan aiki. Kowace kaka gidan hakimi kan aiko masa da gero da man kaɗe na shafe ƙarafa. Ranar kasuwa mutane su shigo su duba, shi kuma ya gaya musu na wane ne wannan, a ina kuma mai shi ya faɗi.

Wata damina kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwana a gindin soron har bangon arewa ya zauna. Umara ya kwashe kayan ya jibge a zaurensa, ya je ya kai kuka. Da ruwa ya ja baya sai ga Abdulwahid, wakilin hakimi, ya zo dubawa. Ya ɗaga wannan, ya juya wancan.

"Baba Umara, za a gina sabon ɗaki a kan tudu, kusa da ƙofar hakimi," in ji shi. "Amma azarar da aka ba ni ba za ta yi ɗakin da zai ɗauke su duka ba. Masu kyau za a zaɓa. Karyayyun ƙarafa a kai wa maƙera, ana neman fartanya."

"Ranka ya daɗe, ai karyayyun su ne na mutanenmu. Kayan da ya dawo lafiya, mai shi ma lafiya ya dawo."

"Na sani. Amma abin da aka ba ni ke nan."

Umara ya roƙa a bar shi ya mayar wa iyalai kayan mamatansu maimakon a kai maƙera. Wakili ya yarda. Umara ya ari kwalekwale, ya shiga bin ƙauyukan fadama har wajen Auyo. Wasu sun karɓa da godiya. Wasu ba su ma san kakansu ya taɓa riƙe takobi ba. Wani masunci ya karɓi kwalkwalin ubansa, ya juya shi, ya ce zai yi daidai da kwarfar ruwa daga jirgi. Umara ya kama gora ya tura kwalekwalensa.

Garkuwar ƙarshe ta marigayi mijin wata tsohuwa mai suna Gumsu ce, ta fatar ɓauna, da huda a tsakiya. Umara na kusa da shi ranar da aka yi wannan hudar. Ya sami tsohuwar a tsakar gida tana shanya kifi. Suka gaisa, ya jingine garkuwar a jikin rumbu.

"Ɗauke ta," in ji Gumsu.

"Ya Gumsu, taki ce."

"Ba tawa ba ce. A ɗakina fata ce kawai, gara ta cinye. A can tana tare da na abokansa, kuma akwai mai faɗin sunansa. In na mutu wa zai faɗa a nan?"

Ya yi mata bayanin azara. Ta saurara har ya gama, sannan ta shiga ɗaki ta yafo mayafi, ta ce ya kai ta wurin wakilin.

Sun same shi a kan tudu yana duban magina. Gumsu ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta, ba ta tsawaita ba. Abdulwahid ya ce ba shi da ikon ƙara ko sanda ɗaya a kan abin da hakimi ya yanka.

"To in an kawo azarar fa?"

"In an kawo, Iya, ga fili nan a jikin bango. Amma man kaɗen da ake aikowa na babban ɗaki ne. Kuma duk abin da za a rataye sai na gani."

Akwai giginya biyu a gonar da mijinta ya bari, waɗanda take cin 'ya'yansu tana sayar da muruci. Ta sa aka sare su. Masuntan ƙauyenta suka tsaga su suka yi azara, suka jawo su ta ruwa. Da labari ya bazu, wasu daga cikin waɗanda suka karɓi kayansu suka dawo da su. Masuncin nan dai bai dawo da kwalkwali ba. Kafin bazara an gama ɗan ɗaki a jikin babban, ƙofarsa sai an sunkuya. Umara ya riƙa rage man babban ɗaki yana shafa wa na ƙaramin, in ya ƙare ya saya da kifin da ake ba shi kyauta.

Gumsu ta zo sau ɗaya. Ta tsaya ta ji Umara yana gaya wa wasu fatake sunan mijinta da ranar da suka tafi yaƙi da inda aka yi gumurzun. Da suka fita ta gyara masa, ta ce ai ba ranar Laraba suka tafi ba, Alhamis ce, don ta tuna tana dakan furar Juma'a. Daga ranar haka yake faɗa. Ta rasu a daminar da ta biyo.

Da kaka ta zagayo Abdulwahid ya zo dubawa kamar yadda ya saba. Ya gama da babban ɗaki, ya sunkuya ya shiga ƙaramin. Ya duba kayan, ya ɗaga kai ya duba rufi.

"Kusurwar gabas tana yoyo, Baba."

"Tana yi, ranka ya daɗe."

Washegari aka turo magina biyu da jakin ƙasa, suka yaɓe ta.